Ɓawon kwakwa a madadin filatinam: yadda ake gasa katalis

Ɓawon kwakwar da masu sayarwa ke tarawa a gefen Kejetia da Aboabo a Kumasi, ɗalibin kimiyyar sinadarai a jami'ar KNUST zai iya mayar da shi katalis, wato garin da ke gaggauta haɗuwar oksijin da ilektiron a batirin zinki da iska. Wannan haɗuwa nawa gare ta. Filatinam ne gwaninta, amma ga tsada, kuma mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Tun 1964 wani masanin kimiyya, Jasinski, ya nuna cewa kobalt da naitirojin ya kewaye yana taɓa aikin. Yau ƙarfe (Fe) aka fi rinjaya a kai: ƙwaya guda, naitirojin huɗu sun riƙe ta a jikin kabon.

A fara da gawayin ɓawon da aka riga aka buɗe ƙananan ƙofofinsa da sinadarin KOH, a niƙa shi lukui. Giram 1 na gawayi, giram 5 na melamin, sinadari mai yawan naitirojin (ɓawo ba shi da naitirojin kirki), sai miligiram 50 na FeCl3·6H2O, wanda ke ba da ƙarfe kusan kashi 1 cikin ɗari. A dama da etanol, a busar. Kada a ce yawan ƙarfe shi ne alheri. In ya yi yawa dunƙulewa yake yi, ya zama curin da ba ya tsinana komai.

Wurin gashi ne ake yawan asara. A saki naitirojin cikin bututun tanda na rabin awa kafin a kunna, a hau digiri 5 a minti har 900, a tsaya awa 2. Roba ɗaya da ba ta kama bakin bututu ba ta isa: iska za ta shiga, da safe sai a tarar da ɗan toka ja-ja a kwanon, kabon ya ƙone, tsatsa kawai ta rage. Idan dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya faɗo a tsakiya, kada a rufe gas, kada a buɗe tanda, a bar shi ya huce ƙasa da digiri 100. Ni dai ba zan yarda da sakamakon wannan zubin ba, gara a sake.

Sai a jiƙa garin cikin asid H2SO4 mai ƙarfin mola 0.5 a digiri 80 na awa 8, a ɗauraye, a sake gasawa. A kusanto da mayen ƙarfe jikin kwalba. In garin ya miƙe yana binsa, akwai sauran curin ƙarfe.

Gwaji kuwa, miligiram 5 cikin mililita 1 na ruwa da etanol da ɗigon Nafion (sinadarin da ke liƙa garin) ya zama tawada. A ɗiga maikirolita 10 a kan faifan kabon mai faɗin milimita 5, a juya shi sau 1600 a minti cikin KOH mola 0.1 da ya ƙoshi da oksijin. Ana son kowace ƙwayar oksijin (O2) ta karɓi ilektiron huɗu. In biyu ne, H2O2 (haidirojin feroksaid) ake samu, shi kuma da ya haɗu da ƙarfe sai su haifi sinadaran da ke cinye kabon ɗin kansa.

Don Allah, sandar da ke cika da'irar lantarki ta zama ta girafait. Wayar filatinam tana narkewa kaɗan-kaɗan, musamman a asid, ta sauka kan garin, mutum ya yi ta murna alhali filatinam ɗin da ya gudu yake aunawa.