Lokacin da Yaron Shago Ke Ganin Ya Daina Ci Gaba

Yawancin yaran da ke koyon gyaran waya a shagona da ke Computer Village, babbar kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Ikeja, tsofaffin 'yan acaba ne. Tun da gwamnatin Legas ta hana okada a wasu ƙananan hukumomi a 2022 suke zuwa, wasu daga Agege, wasu daga Idi-Araba.

Da farko hannunsu yana saurin kamawa. Canza gilashi, sa sabon batir, goge wurin caji, duk kafin ka ankara sun iya. Sai a zo kan injin waya, inda dole ka riƙe mitar gwada wuta ka bi layi ɗaya bayan ɗaya kana neman inda wuta ta yanke, ka narka dalma a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba. A nan yaro yake tsayawa cak. Ya zo da safe, ya tashi da magariba, shi dai bai ga abin da ya ƙaru ba. Sai ka ji ya ce, "Maigida, anya kaina zai ɗauki aikin nan?"

Turawa suna kiran wannan tafiya learning curve. Zane ne da ke nuna yadda ƙwarewa ke ƙaruwa da yawan maimaici: layin yakan miƙe da sauri, daga baya ya kwanta. A 1936 wani injiniyan jiragen sama a Amurka, T. P. Wright, ya lura cewa duk sanda adadin jiragen da aka ƙera ya ninka, aikin da kowane jirgi ke ci yakan ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Wato in na farko ya ci awa 100, na biyu zai ci 80, amma sai ka kai na huɗu kafin ka ga 64. Sauƙin yana zuwa, tazararsa ce ke ƙara nisa. Tun kafin shi, a 1897, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Bryan da Harter, sun ga irin wannan tsayawa a wurin masu koyon karɓar saƙon tangaraho, wato telegraph, saƙon da ake aikawa ta waya da ƙwanƙwasawa.

Abin da ke damuna shi ne iyayen gida da ke korar yaro daidai wannan gaɓar, wai ba shi da kai. Wallahi zalunci ne. Wasu yaran ma ba sa jira a kore su, sai ka ji sun koma dako a kasuwar Mile 12.

Ni idan na ga yaro ya kai nan, nakan daina ba shi wayar kwastoma na ɗan lokaci. Ina da kwali cike da matattun wayoyi a ƙarƙashin teburi. Nakan tura masa shi, in ce ya cire kayan cikinsu ya mayar, ya ƙona duk wadda zai ƙona, kuɗin abincinsa kuma ba na taɓawa.