Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bakan da Baffa Ya Sassaƙa Mini

A makon jiya mun tsaya a inda aka ɗauke ni daga gidanmu na cikin garin Gombe, bayan rasuwar mahaifina, aka kai ni wurin ƙanensa a wani ƙauye na ƙasar Funakaye, tsakanin Bajoga da kogin Gongola. A lokacin duk Jihar Bauchi muke, sai a 1996 aka yanke Gombe. Hankalin samarin ƙauyen ya tafi kamfanin siminti na Ashaka, kowa na neman a ɗauke shi ko da lebura ne. Baffa kuwa maharbi ne, kuma in ana maganar baka a yankin, shi ake fara ambata.

Bakan yawancin maharba sanda ce kawai da aka tanƙwara aka ɗaura mata tsirkiya. Na Baffa ba haka yake ba. Gajere ne, in an tsayar da shi bai wuce ƙirjin babban mutum ba, kuma kawunansa biyu sun juya sun kalli gaba, wajen abin da za a harba. In an kwance tsirkiya sai ka rantse a baibai aka yi shi. Ranar da na tambaye shi dalili bai ce mini komai ba, sai ya miƙo mini bakan wani maƙwabcinmu ya ce in ja, sannan ya miƙo nasa. Na maƙwabcin ya biyo hannuna salin alin, sai can ƙarshe ya yi tauri. Na Baffa kuwa tun daga farkon ja ya fara gardama.

"Ka ji bambancin?" in ji shi. "Wancan sai ka kai kunne yake tara ƙarfi. Wannan tun kafin ka taɓa shi a ɗame yake. Shi ya sa gajere ne amma kibiyarsa ta fi gudu. Kuma a cikin sarƙaƙiya dogon baka wahala ne."

Da sanyin hunturu ya shigo, ganye ya zube, ruwan jikin itatuwa ya ja baya, sai muka shiga daji neman dargaza. Wasu da gora suke yi, to amma Baffa ya ce gora ta yara ce da masu gaggawa. Dargaza tana da danƙo, tana lanƙwasuwa ta dawo. Mun wuce rassa da yawa waɗanda a idona ba su da aibu, yana dubawa yana girgiza kai: wannan yana da gaɓa a tsakiya, wancan ya murɗe tun yana ƙarami, wancan ƙwaro ya riga mu. Da ya samu wanda ya kwanta masa, kaurinsa bai wuce damtsen yaro ba, ya yi bisimilla ya sare, ya shafe bakin saran biyu da kakin zuma don kada ya bushe da sauri ya tsage.

Na zaci washegari za a fara sassaƙa. Ina! Sai ya soke sandar a rufin ɗakin girkin Goggo, inda hayaƙi ke korar gara da ƙwari, rana kuma ba ta kai. Nan ta kwana ta tashi har damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, hunturu ya sake zagayowa. Kullum in na shiga karɓar tuwo sai na ɗaga kai na dube ta. Goggo ta riƙa yi mini tsiya, wai "Angon sanda, yau ma an zo zance?"

Ranar da aka sauko da ita ta yi baƙi ƙirin, ta yi sauƙi a hannu, in ka ƙwanƙwasa ta sai ta amsa. A nan ne na ga aikin da ya sa ake tahowa wurin Baffa daga nesa. Baka yana da baya, yana da ciki. Bayan shi ne wanda ke kallon nama, cikin kuma shi ke kallon maharbi. In an ja, bayan miƙewa yake yi, cikin kuma ya matse. Saboda haka Baffa bai yarda ƙarfe ya ci bayan ba, ɓawon kawai ya kankare a hankali ya bar jijiyar icen yadda Allah ya yi ta tun daga wannan kai har wancan. Ya ce ko ƙwarzane ɗaya aka yi a wurin, nan bakan zai tashi wata rana, kuma ba ya karyewa sai a daidai fuskar mai shi. Duk ragin da za a yi daga ciki ne. Ya fara da gizago, ya koma wuƙa, daga baya ya koma fasasshiyar kwalba yana kankara, abin da ke zuba kamar garin tuwo. Tsakiya, wurin riƙo, ya bar shi da kauri, yana sirantawa zuwa kawuna.

Lanƙwasa kawunan da dare aka yi, don ya ce da rana ido ba ya ganin zafin garwashi. Ya shafe kan da man kaɗanya, ya riƙa juya shi a saman garwashin marke, ba ya barin harshen wuta ya lashe shi. In ya kai hannu ya ji ba ya iya riƙewa, sai ya cusa kan a cikin gwafar wani kututture ya danna a hankali, ni kuma in ɗaure da igiyar rama. Icen da ya yi zafi yana laushi, in ya huce a yadda aka ɗaure shi, a haka zai zauna. Wahalar ita ce kawunan biyu su yi daidai, kuma kada ɗaya ya karkace gefe, don in ya karkace tsirkiya za ta riƙa zamewa. Sai da ya mayar da ɗaya wuta kafin ya gamsu.

A irin wannan hirar ta gefen wuta ya ba ni labarin Bormi, wadda ba ta da nisa da mu, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a hannun Turawan Ingila a watan Yulin 1903. Mutanenmu da baka da mashi da takobi suka tari bindiga mai ruwa, duk da haka kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Mash, jagoran rundunar Turawan. Baffa ba ya faɗin wannan da alfahari. Yakan ce a ranar ce aka san kasuwar baka a fagen yaƙi ta tashi, ta koma ta farauta da tsaron garke.

Tsirkiya ba ta ɗauki lokaci ba. Fata ce aka jiƙa, aka yanka ta zagaye ta fito doguwa, aka murza, aka rataye da dutse a ƙasanta har ta bushe. Amma ko da aka ɗaura ta, bai bar ni na ja har kunne ba. Sai in ja kaɗan, ya koma nesa ya tsuguna yana kallon yadda ɓangarorin biyu ke tanƙwaruwa, ya karɓa ya kankare inda ya ga tauri, a sake. A ganina wannan ne ainihin sana'ar, sauran duk wanda ke da gizago zai iya.

Da ya gama ya shafe shi da man kaɗanya ya miƙo mini da hannu biyu. Ya kafa mini sharuɗɗa: kada in saki tsirkiya babu kibiya, don ƙarfin zai koma jikin bakan ya fasa shi, kada in bar shi a ɗame ya kwana, kada in nuna mutum da shi ko da wasa. Na ce, "Baffa, kibau fa?" Ya jawo kwarinsa ya zaro mini kyauro tsirara, babu ƙarfe a kai, balle dafin kwankwani da ko tukunyarsa ba a barin yara su matsa kusa. Ya nuna mini wani kututturen giginya a bayan gida ya ce ranar da na daina kuskurensa za mu je wurin maƙeri a kasuwar Bajoga.

Labarin zuwanmu maƙera, da yadda rigima ta kusa ɓarkewa tsakanin Baffa da maƙerin a kan kunnen kibiya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.