Abin da rubutun fim ya koya mini bayan rubutun littafi

Marubucin littafi shi ke da wuƙa da nama a labarinsa. In ya so ya kai jarumarsa Makka a shafi na biyu, ya ƙona kasuwa a na uku, ba wanda zai ce masa ina kuɗin. Da na fara rubuta wa wata ƙaramar ƙungiyar masu shirya fim a nan Bauchi, wannan ikon ne ya fara barin hannuna. Kowace fitowa kuɗi ce: man janareta, abincin 'yan wasa, hayar gidan da za a yi ɗauka, motar da za ta kwashi kaya daga Wunti zuwa Yelwa. Furodusa kan karanta rubutu da biro a hannu, duk inda ya ga taron biki sai ya ja layi.

Wannan bai dame ni ba kamar abu na biyu. Akwai wata fitowa da miji ke shaida wa matarsa zai ƙara aure. A littafi da na shiga zuciyarta na zauna, na faɗi abin da ta tuna, da abin da take tsoro, da addu'ar da take yi. Darakta ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Malama, duk na ji, kuma da daɗi. To ni me zan ɗauka?" Muka daɗe a kai. Daga ƙarshe muka zaunar da ita a tsakar gida da faifai a cinya tana tsintar shinkafa. Mijin ya gama maganarsa, ta ce, "Allah Ya sanya alheri, Malam." Ya fita. Ita kuwa ta ci gaba da tsinta, ba sauran tsakuwa ko ɗaya, amma yatsunta sun ƙi tsayawa, har ta fara zubar da mai kyau. Ranar da aka haska wa matan unguwa, a daidai wurin ne wata dattijuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Bayan nan na koma karanta Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da wani idon. An cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya, daga baya ta koma ajin ilimin manya a Kano. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka fassara zuwa Turanci a 2012, ita ma kuma ta shiga rubuta fim da shirya shi. Dā ina ɗauka ƙarfinta yana cikin jigon da ta zaɓa, wato auren dole da kishi da sakin wulaƙanci. Jigon nan ai marubuta da yawa sun taɓa shi. Abin da ya bambanta ta shi ne matanta suna da aikin hannu. A Alhaki Kuykuyo Ne, Rabi da aka kora da 'ya'yanta ba ta zauna tana dogon tunani ba, abinci ta shiga sayarwa don ta riƙe su. Wanda ya rubuta mutum yana aiki ya riga ya yi wa mai kyamara rabin aikinsa, kuma ba a iya wannan sai an san cikin gida da gaske, an san wa ke da girki yau, an san wa ke riƙe da makullin ɗakin hatsi.

Mu 'yan Bauchi ma muna da namu gadon. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta ya rubuta Shaihu Umar don gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Labari ne na tafiya da rabuwa da uwa mai neman ɗanta, duk abubuwan da ido ke iya bi.

Yanzu matasa kan turo mini rubutunsu ta WhatsApp, da yawansu suna burin a mayar da shi fim mai dogon zango a YouTube. Abin da nake fara dubawa shi ne hannun jarumar. In na karanta shafi biyar tana ta hawaye da tunani ba ta taɓa ko ludayi ba, sai in mayar da rubutun in ce a je a zauna da Inna a madafi tukuna, a ga yadda take yi ranar da ranta ya ɓaci.