Kalma Ɗaya da Ban Karanta Ba

Har yau in na tuna yadda na sa hannu a takardar shaidata ban karanta ba, sai raina ya ɓaci. Abokin cinikina ne ya kai ni ƙara, wai ya kawo mini kaya ban biya ba, alhali hannu da hannu na ba shi kuɗinsa. Lauyana ya rubuta bayanina, na rantse a kai, na sa hannu a tsaye don ina sauri. Ashe Maris aka rubuta a inda ya kamata a sa Mayu.

Ranar zama lauyan mai ƙara ya miƙe. "Ka ce a Maris ka biya. Kaya kuwa a Afrilu aka kawo. Kuɗin me ka biya?" Nan take gumi ya karyo mini. Da a kan takardu kawai za a yanke hukuncin nan, da na zama maƙaryaci da sa hannuna.

Alƙali ya ɗago kai ya ce in faɗa da bakina. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskuren rubutu ne," na kawo yadda aka yi tiryan-tiryan, shi kuwa yana kallona, yana mayar da ni baya kan kowace gaɓa. Shaidan mai ƙara kuma, wanda takardarsa ta fi tawa tsari nesa ba kusa ba, lauyana ya tambaye shi ina yake a ranar. Amsa biyu ya bayar, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta.

Sai daga baya na san cewa sashe na 14 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da siyasa, mai tanadin sauraren shari'a cikin adalci a bainar jama'a, ya haɗa har da ƙarar da ba ta laifi ba. Ban ce kowace magana sai an tsaya gaban alƙali ba. In saɓanin kan fassarar doka ne, rubutun lauyoyi kan isa. Amma in maganarka ce da tasa, kada ka yarda a rufe ba a ji ku ba, ba a yi wa shaidarsa tambayoyi ba.

Na ci shari'ar. Sai dai kalmar nan ta jawo ɗage zama sau biyu kafin a gyara takardar, kuma ni na biya kuɗin ɓata lokacin. Shafi uku ne kacal, minti goma sun ishe ni in karanta.