Abin da nake nema idan na fuskanci bango

Duk wanda ya ji ina zaman zazen, wato zaman shiru na mabiya Zen, wani reshe na addinin Buddha, tambayar da yake fara yi mini ita ce ko na samu kwanciyar hankali. Ba ita ta kai ni ba. Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne sanin wannan da nake kira "ni". Na san sunana da sana'ata, na san abin da ake faɗa a kaina, amma duk wannan labarina ne a bakin mutane. Aƙidata tana nan inda take, ban shiga Zen don sauya addini ba. Hanyar dubawa na ara.

Zaman ba shi da wani asiri. Akwai matashi zagayayye da ake kira zafu. Ka hau shi, ka tanƙwashe ƙafafu, ka miƙe baya, ka ɗora hannun hagu a kan na dama, manyan yatsu suna ɗan taɓa juna. Ido ba a rufe yake ba, yana kallon ƙasa kaɗan a gabanka. Mabiya Soto, ɗaya daga cikin ɗariƙun Zen, bango suke fuskanta, ni ma haka nake yi. Mai koyo yakan ƙirga numfashinsa daga 1 zuwa 10, ya sake farawa. Idan tunani ya ɗauke shi, ya dawo kan 1 ba tare da faɗa da kansa ba.

A wurin dawowar nan ne ilimin yake. Kowace dawowa tana nuna maka inda ka je. Ni dai inda nake zuwa bai cika sauyawa ba: gardama da mutanen da ba sa wurin. Ina shirya amsar da zan ba wani, ina gyara wata magana da ta riga ta wuce, ina tsara yadda za a yabe ni. Kusan duk zirga-zirgar zuciyata kare kai ce. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan ka zauna shiru gaban bango babu na wani da za ka hango, tilas ka ji tudun da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Akwai wani labari da mutanen Zen suke bayarwa game da Bodhidharma, malamin da ake cewa shi ya kai wannan koyarwa ƙasar Sin daga yamma, ya kuma shekara 9 yana fuskantar bango kusa da gidan ibada na Shaolin. Almajirinsa Huike ya roƙe shi ya kwantar masa da zuciya. Malam ya ce ya kawo zuciyar tukuna. Huike ya nema, ya ce bai same ta ba. Malam ya ce to ai ya kwantar masa da ita ke nan. Na daɗe ina ɗaukar wannan wasan baki ne, sai da na gwada neman da kaina. Fushi ya taso, na ce bari in ga mai fushin. Na samu zafi a ƙirji, na samu muƙamuƙi a ɗaure, na samu wasu kalmomi suna ta maimaituwa. Wani dunƙulallen mutum da yake riƙe da su kuwa, ban kama shi ba. Dogen, wanda ya kafa Soto a Japan, ya rayu daga 1200 zuwa 1253, ya koyar da cewa nazarin wannan tafarki nazarin kai ne, nazarin kai kuma mance kai ne. Ba da karatu na fahimci hakan ba, da zama ne, kuma kaɗan-kaɗan.

Ba na yarda da masu tallar Zen a matsayin maganin gajiya kawai. Haka kuma ba na yarda da masu cewa zama yana wanke mutum. Hakuin, wanda ya farfaɗo da Rinzai, wata ɗariƙar Zen a Japan, a ƙarni na 18, ya matsa wa kansa har ya kwanta ciwo. Mafi muni, manyan malaman Zen da dama a Japan sun goyi bayan yaƙin da ƙasarsu ta yi a ƙarni na 20, har Myoshinji, babban reshen Rinzai, ya fito ya nemi afuwa a 2001. Mutane ne da suka shekara aru-aru a kan matashi, amma idonsu bai ga wannan ba. Abin yana ba ni tsoro ƙwarai, domin yana nufin shirun ma yana iya zama maɓoya.

Shi ya sa labarin da na fi riƙewa ba na zama ba ne. A 1223 Dogen ya isa ƙasar Sin yana saurayi. Yana cikin jirgin ruwa a tasha sai ga wani tsohon mai dafa abinci na wani gidan ibada ya zo sayen naman kaza, tsiron nan mai kama da laima. Dogen ya roƙe shi ya kwana su yi hira, tsohon ya ƙi, ya ce girkin gobe yana jiransa. Dogen ya tambaye shi me ya sa dattijo kamarsa bai bar wahalar girki ya koma zama da karatu ba. Tsohon ya yi dariya, ya ce masa bai san mene ne aikin tafarkin ba tukuna. Bayan Dogen ya koma gida ya kafa gidan ibada na Eiheiji a 1244, ya ɗauki aikin mai girki a matsayin ibada cikakkiya.

Da wannan nake auna zamana. Ba na duba daɗin da na ji a kan matashi. Ina duba abin da ke faruwa idan an katse ni a tsakiyar magana, ko an gyara mini aiki a gaban mutane. Wani lokaci nakan ga amsar tana tasowa kafin ta kai baki, in samu damar riƙe ta har in ji ƙarshen abin da mutumin yake faɗa.