Ga Ƙannena Masu Son Shirya Wasan Barkwancin Asibiti

A 'yan shekarun nan, duk matashin da ya mallaki waya mai kyamara mai kyau a Samaru ko Sabon Gari, ya kuma samu abokai masu baki, sai ka ji yana cewa zai fara shiri mai dogon zango a YouTube. Da yawansu kuma asibiti suke zaɓa. Ban ga laifinsu ba, Zariya garin asibiti ce: ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga tsohon mazauninsa a Tudun Wada, ga na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Wusasa da ya samo asali tun zamanin 'yan mishan. Da wuya ka shiga gida ka rasa nas, ko ɗalibin likitanci, ko wanda ya taɓa kwana a baranda yana jinya. Farar riga da abin sauraron ƙirji kuwa ba su da wuyar aro. Ni ma na bi wannan hanyar. Na rubuta wasan barkwanci a kan ma'aikatan wani asibiti na ƙirƙira, muka ɗauka da kuɗin aljihunmu, bai je ko'ina ba. Abin da ya kashe shi nake son in gaya muku.

Daga talabijin na rubuta shi, ba daga asibiti ba. Lokacin na haddace Scrubs, shirin Amurka da aka fara a 2001, ina kuma kallon Clinic Matters na 'yan Kudu. Sai na kwaso mutanensu na sa musu hula da mayafi: ƙaramin likita mai mafarki da rana, babban likita mai baƙar magana, mai shara da ya fi ƙarfin kowa. Abin da ya kamata in kwaikwaya shi ne ban kula da shi ba. Wanda ya ƙirƙiro Scrubs, Bill Lawrence, a kan rayuwar wani abokinsa likita ya gina shirin, ya kuma ajiye abokin a matsayin mai ba su shawara, sannan a cikin ginin wani asibitin gaske da aka daina amfani da shi suka yi shekaru suna ɗauka. Ba ma sai mun je Amurka ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, soja ne na gaske kafin duniya ta san shi da Samanja. Shi ya sa in ya buɗe baki da Hausar bariki, tsofaffin sojoji ke fara darawa kafin farar hula.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe a aikin. Da na nuna mata kashin farko, ta kalla har ƙarshe ko murmushi babu, sannan ta ce, "Auta, wannan asibitin naka a wace ƙasa yake? Ina masu jinya?" Na tsaya ina kallonta. A asibitin da na rubuta, mara lafiya yana kwance shi kaɗai a ɗaki tsaf, likita ya shigo su yi raha. Babu tabarma, babu kula, babu filas, babu buta a ƙarƙashin gado. Alhali a nan ƙasar mai jinya rabin ma'aikaci ne. Shi zai bi layin kati, shi zai je biyan kuɗi ya dawo da rasit, ya kai jini ɗakin gwaji, ya koma karɓo sakamako, ya fita waje neman maganin da aka ce babu, ya kira 'yan uwa a waya a zo a ba da jini. Ga surukai da kishiyoyi da maƙwabta masu zuwa dubiya, kowa da lemo da ayaba da nasa maganin da ya ji an ce mujarrabi ne. Ga maigadin ƙofar ɗaki da ke fama da su a kan lokacin ziyara. Duk na zubar da wannan, na tafi neman dariya a bakin likita.

Bayan komai ya lalace ne na yi abin da ya kamata in fara da shi. Lalurar wani kawunmu ta zaunar da ni a wani asibiti, na riƙa kallo da saurare. Wata safiya aka kawo wani dattijo gaban wata ƙaramar likita 'yar Kudu, wadda Hausarta ba ta wuce "sannu Baba" da "ina ciwo" ba. Aka kira wani tsohon ma'aikaci mai tura keken marasa lafiya ya yi tafinta. Dattijo ya gyara zama, ya fara daga damunar bara: yadda abin ke tasowa daga ƙugu ya hau kafaɗa, yadda ya sha saƙe-saƙi, yadda wanzami ya yi masa ƙaho, har da ƙanensa da irin wannan ciwon ya yi ajalinsa. Likita ta riƙe biro tana jira. Da ya kai aya, tafinta ya juya ya gaya mata da Turancinsa na kasuwa cewa wai cikinsa ne. Dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, duk abin da na faɗa shi ke nan?" Tafinta ya ce, "Baba, Turanci ba ya son tsawo." Ban taɓa rubuta abin da ya kai wannan ba, kuma ba a ci mutuncin kowa a ciki ba. Har ila yau akwai magana a ƙarƙashinsa, domin a cikin dogon bayanin da aka yanke ɗin nan ne likita za ta iya gano ciwon.

Ku san tsanin aikin kafin ku rubuta layi ɗaya. Ni kowa a wasana ko likita ne ko nas. Ashe ɗalibi sai ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara ɗaya ta aikin koyo a ƙarƙashin manya, ya yi hidimar ƙasa, sannan in yana son ƙwarewa ya sake shiga wasu shekarun na horo kafin ya zama kwansaltan, wato babban likita ƙwararre. A zagayen safe za ka ga tsanin da idonka: babba a gaba, na ƙasa da shi a bayansa, ɗalibai a can ƙarshe kowa na addu'ar kada a jefo masa tambaya. A gefe guda ga matiron da ta fara aiki tun ba a haifi sabon likitan ba, a takarda shi ke rubuta magani, a aikace ita ta san abin da zai yiwu a ɗakin. Ga mai ba da magani da ke fama da rubutun likita, ga ma'aikacin ɗakin gwaji, ga ungozoma, ga na ɗakin kati wanda in fayil ya ɓace duniya ta tsaya. Tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya kuma akwai daɗaɗɗiyar tsama a kan albashi da shugabanci, kowane ɓangare da ƙungiyarsa, likitoci masu neman ƙwarewa da NARD, sauran da JOHESU, kowa da lokacin yajin aikinsa. Wasan ma'aikata a kan wannan yake tsayawa: mutanen da ba su zaɓi juna ba, amma dole su kwana a ɗaki ɗaya suna aikin dare.

Kuskuren da ya fi damuna har yau shi ne inda na ɗora dariyar. Da na rasa abin ban dariya a wajen ma'aikata, sai na koma kan marasa lafiya, don su ne masu sauƙi. Baƙauye da bai san abin awon zafi ba, mai taɓin hankali yana bin nas da gudu, mai in'ina yana bayanin ciwonsa. Har muka yi wata fitowa ta mai farfaɗiya: ya faɗi yana shure-shure, kowa ya watse kada yawunsa ya taɓa shi, wani ya zo ya cusa masa cokali a baki. A wurin ɗauka har da masu riƙe ciki. Ba a daɗe da sakinsa ba wata maƙwabciyarmu, wadda ɗanta ke da wannan lalurar, ta tare ni a ƙofar gida. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, yaran unguwa sun ga wasanku. Yanzu in ya fito sai su kwanta a ƙasa su yi masa irin na cikin waya." Na cire kashin a daren, amma wanda ya riga ya sauke a wayarsa ya sauke.

Kuma ban da cin fuska, ƙarya na koyar. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Ba a sa wa mai ita komai a baki, cokali na iya karya masa haƙori ko ya toshe masa numfashi. Abin da ake yi shi ne a janye abin da zai ji masa rauni, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ta gefe, kada a danne shi, in abin ya wuce minti biyar a garzaya asibiti. Da na san haka, da fitowar ta fi daɗi: jama'a na ta kururuwa da cokula, mai shara ta ajiye tsintsiya ta kore su ta yi abin da ya dace. Dariyar tana nan, sai dai ta koma kan masu cokali.

Kada ku ce ai wasa ne. Duk wanda ya sa farar riga a allo, wani yana can yana ɗaukar maganarsa fatawa. A wasana duk wanda ya shigo sai an yi masa allura ko an ɗaura masa ƙarin ruwa, na ƙara wa mutane imanin da dama suke da shi cewa in ba a huda ka ba ba a duba ka ba. Ɗan wasanmu ma a tsakiyar ɗuwawu yake soka allurar, wurin da ma'aikata ke kauce wa saboda babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Mun kuma kwaikwayi abin nan na finafinan Turawa, layin bugun zuciya ya miƙe a na'ura sai a manna wa mutum lantarki a ƙirji ya farka, alhali in layin ya miƙe ba lantarki ake sawa ba, danna ƙirji ake yi da ba da magani. Yardar da ke tsakanin mutanenmu da asibiti ba ta da kauri. Gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 bai bar zukata ba, yana kuma cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003. Sai a 2020 aka tabbatar ƙasar nan ta rabu da asalin nau'in ƙwayar cutar, wanda ake kira wild polio. Mai barkwanci da ke wasa a wannan fili ya san inda yake taka ƙafa.

Ba cewa nake ku mayar da shirin wa'azi ba, ko ku wanke ma'aikata tas. Akwai nas mai tsawa, kowa ya sani, matan da suka je awo ko haihuwa sun fi kowa sani. Ku nuna ta. Amma ni masifa kawai na ba tawa, ba ta da gida, ba ta da gajiya, ba ta da dalili. Da na nuna ita kaɗai ce a kan ɗaki cike da gadaje tun magariba, wuta ta ɗauke tana neman jijiyar jariri da fitilar waya, sannan da asuba wani ya zo yana mata ihu a kan an hana shi shiga da tuwo, da mai kallo ya yi dariyar tsawarta ya kuma gane ta. Mace mai ciki da ke kallo a Dogarawa ko Hanwa ba za ta ce ta fasa zuwa awo ba.

Wata ɓarnar a gurguje. Mun roƙi wani ƙaramin asibitin kuɗi muka yi ɗauka a ciki ana tsakar aiki. Da muka zo tacewa sai ga fuskar wata baiwar Allah a bayan ɗan wasa, ga kuma fayil a kan tebur sunan mai shi ɓaro-ɓaro. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana sirrin mara lafiya ba da izininsa ba, ko babu doka ma wannan ba tarbiyya ba ce. Dole muka zubar da aikin ranar. Ku nemi ɗaki biyu da baranda, ku yi fenti, ku sa benci da labule. Irin wannan wasan dama ba ya son wurare da yawa: na Amurka minti 22 ne kacal in an cire talla, kuma yawancinsa a 'yan wurare ƙalilan yake faruwa. Dariyar gwangwani da ake sakawa a bayan kowace magana kuwa ku bar ta. Mun saka, sai ta zama tana nuna wa mai kallo daidai inda muka kasa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne makarantar tana bakin ƙofata. Tun shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na ABU ya yi suna da tura ɗalibai cikin Samaru da ƙauyukan kewaye, su zauna da mutane, su ji matsalarsu, sannan a gina wasa a kai. Garin nan ne kuma ya haifi marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, mutumin da kallo ɗaya zai yi ka dara ba tare da ya faɗi ƙasa ko ya zagi kowa ba. Ni ina Zariya, na tsallake duk wannan na tafi aro daga ƙetare.

In kun gama rubutu, kafin ku kira 'yan wasa, ku kai wa ma'aikaciyar jinya ɗaya da likita ɗaya su karanta daban-daban, don abin da ɗaya zai bari ya wuce ɗayan ba zai bari ba. Ku sa kuɗinsu a cikin kasafi kamar yadda kuke sa na mai kyamara, ba "Anti don Allah duba mana" a tsaitsaye ba. Ku ce su ja layi a duk inda ba haka ake yi ba, sannan ku tambaye su abin da ya fi ba su dariya a aikin dare na makon jiya, ku yi shiru ku rubuta. Ranar ɗauka kuma ɗayansu ya kasance a wurin, domin ɗan wasa zai rataya abin sauraron ƙirji a juye, kuma duk ɗaliban Shika za su gani.