Tsayin Kyamara: Yadda Muke Ɗaukar Bidiyon Waƙar Koke a Kumasi

Biki da suna da walimar sauka da Maulidi, su ne ke riƙe da shagonmu na ɗaukar bidiyo a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Daga cikinsu nake biyan haya da kuɗin wuta, in sallami yaran da ke koyon aiki a hannuna. Bidiyon waƙar koke kuwa, wadda matashi ke rerawa don wahala ta ishe shi, ba ya kawo kuɗin kirki. Mawaƙi zai turo rabi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sauran sai Allah ya hore. Amma shi ne aikin da ke hana ni barci. A biki, buƙatar kowa ita ce ya fito da kyau. A waƙar koke kuwa kowane hoto magana yake yi, kuma mai kyamarar da bai san abin da hotonsa ke faɗi ba zai iya ƙaryata mawaƙin da ya biya shi.

Irin wannan aiki ya yawaita ne tun da kiɗan Asakaa, wani salon rap na matasa, ya tashi a Kumasi a 2020, yaran zango suka ga cewa daga lungu ma ana iya kai waƙa duniya. Sai ga gangamin FixTheCountry na neman a gyara ƙasa a 2021, sai tsadar 2022, wadda a watan Disamba hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Masu abin faɗa suka yi yawa.

Gardamar farko kullum a kan tsayin kyamara take. Mawaƙi zai ce, "Maigida, ɗauke ni daga ƙasa in fito da girma." Nakan ce masa, "Ƙanena, baitinka na cewa an danne ku. Idan ka cika allo kana kallon mutane daga sama, wa zai yarda an danne ka?" Ɗauka daga ƙasa tana ba mutum iko, shi ya sa 'yan siyasa ke sonta a fastocinsu. Ni ina ajiye ta ne ga abin da ake kuka da shi: turken wutar da ba wuta, katangar ofishi, ƙaton allon talla da ke tsaye bisa kwatar da ta cushe. Shi mawaƙin ina kafa masa kyamara daidai idonsa, yadda mai kallo zai ji da shi ake magana, ƙafa da ƙafa. Sai a baitin ƙarshe, in jama'a sun karɓi amshi, nake sauko da kyamara ƙasa, domin a lokacin girman na taro ne.

Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto daga sama shi ne abin da kowa ke so yanzu, kuma shi ne na fi taka-tsantsan da shi. Ba batun rajistarsa a hukumar sufurin jiragen sama kaɗai ba. Ka tashe shi bisa Aboabo ko Asawase, abin da za ka samu kwano mai tsatsa ne da kwata da bola, mutane sun koma ɗigo-ɗigo. Wannan kallon baƙo ne, kallon wanda ya zo ya ga talaucinmu ya wuce. Yana ƙona mini rai in ga an nuna zango haka da sunan kare zango. Babu fuskar mai waake da ta tashi tun asuba, babu makarantar allo, babu telan da ke jiran a kawo wuta. Inda jirgin ke da amfani shi ne inda ido ba zai iya auna ɓarna daga ƙasa ba, kamar ramukan galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a gefen kogin Offin. Can kam sai daga sama mutum ke gane yawan gonakin da aka cinye.

A wannan kogin ne na hana yarona taɓa launi wajen tacewa. Ruwan ya koma kamar koko, kuma haka muka bar shi. Da ka ƙara masa ja ko duhu don ya tsorata mai kallo, wanda ya san kogin zai ce an yi dabara, daga nan ya daina yarda da sauran hotunan.

Yarda ita ce jarin wannan aiki. Ku tuna garin Ejura a watan Yunin 2021, lokacin da matasa suka fito bayan kisan ɗan fafutuka Ibrahim Mohammed, wanda aka fi sani da Kaaka, sojoji suka buɗe wuta, mutum biyu suka rasu. Hotunan da suka girgiza ƙasar nan ba masu kyau ba ne. Suna rawa, mai ɗauka yana gudu, amma ba wanda ya ce an haɗa su. Tun daga nan idon mutane ya koyi cewa hoton da ke girgiza, wanda ba a yanka ba, shaida ne. Don haka a baitin da mawaƙi ke ba da labarin abin da ya faru, nakan cire kyamara daga ƙafarta in riƙe a hannu, in bi shi ta lungu ba tare da yanka ba. Saurin yanka da rage gudun hoto na bar wa amshi. Rage gudu yana da daɗin kallo, amma yana mayar da hawaye ado, kuma ba na son a yi ado da kukan uwa.

Gilashin kyamara ma yana da bakinsa. Mai faɗi, irin milimita 24, yana shigo da unguwa cikin hoto, a ga mutum da inda yake zaune. Dogo, irin 85, yana dusar da baya ya ware fuska, sannan yana matse taro har mutane kaɗan su zama kamar cincirindo. Wannan na biyun nakan guje masa idan zai sa a yi ƙarya game da yawan jama'a. Akwai kuma ƙaramin abu da sababbin shiga ke mantawa: wutar Ghana tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka hoto 25 ko 50 a daƙiƙa muke ɗauka, in ba haka ba ƙwan fitila ya riƙa ƙyaftawa a bidiyo.

TikTok ya kawo wata matsala. Hoton tsaye mutum ɗaya yake ɗauka, ya yanke na dama da na hagu, sai kukan unguwa ya koma kukan mutum guda. Yanzu nakan jera mutane gaba da baya, ko a kan matakala, don su tsira idan an yanke gefe.

Kafin duk wannan akwai sallama. Dokar kiyaye zaman lafiya ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda kwana biyar kafin taron zanga-zanga, kuma matasa riƙe da kwalaye a titi ba wanda zai tsaya tambayar ko fim ne. Muna zuwa wurin mai unguwa da liman, mu yi bayani. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "Ɗana, ɗauki hannuna da tukunyata, ka bar fuskata." Haka na yi. Bayan kamen da aka yi wa masu zanga-zanga a Akra a 2023 da 2024, ba na sa fuskar kowa sai ya ji waƙar tukuna ya amince, yara kuwa sai da izinin iyayensu. Wanda ya ƙi, muna ɗaukarsa ta baya ko a inuwa. Idan aiki ya fita, ɗanyen hoton da ke da fuskokin mutane ba ya zama a kwamfutar shago, kuma ko mawaƙin ya nema ba na ba shi.